Ka Sauya Fedal ɗin Jita, Waya Ta Ƙi Shiga ko Sauti Ya Ɗauke: Tambayoyi da Amsoshi Daga Katsina

Masu kaɗa jitar lantarki a Katsina ba mu da yawa, kusan duk mun san juna: 'yan bandin coci, masu situdiyo, masu wasan biki, da samarin da salon jitar Agadas ya ja hankalinsu. Duk wanda ya sayi sabon fedal, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa don sauya muryar jita, ko ya yi musaya da aboki, tambayoyin da yake zuwa da su ba sa wuce waɗannan. A mafi yawan lokuta fedal ɗin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wajen waya, ko kan waya, ko adafta.

1. Na cire tsohon fedal na sa sabo a gurbinsa, sai gajeriyar wayar ta kasa kaiwa. Me ya jawo?

Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan inda za a huda ramin jak, wato ramin da ake soka kan waya, ba. Ƙananan fedalolin Boss, waɗanda siffarsu ba ta canza ba tun 1977, ramukansu a gefe suke, ɗaya dama ɗaya hagu. Na MXR ma a gefe ne, amma tsayin ramin daga ƙasa ba ɗaya ba ne da na Boss. Su kuma irin su Strymon da Walrus Audio a goshi suke sa nasu. Wayar santimita 15 da ke haɗa Boss biyu cikin sauƙi, idan aka ce ta taso daga gefen wani ta zagaya zuwa goshin wani, sai ta gaza, ko ta kai da ƙyar tana ɗame kamar tsirkiya.

Kada ka ja ta da ƙarfi don ta kai. Jera fedalolin yadda kake so su zauna, ka ɗauki zare ka bi hanyar da wayar za ta bi daga rami zuwa rami, ka auna, ka ƙara santimita 3 ko 4. Ka kuma duba inda ramin wuta yake, domin na Boss a goshi yake, na MXR da yawa kuma a gefe, dab da ramin jak, inda kawunan biyu kan yi cunkoso.

2. Ta wane ɓangare sauti ke shiga?

Daga dama yake shiga, ya fita ta hagu, idan kana tsaye kana kallon fedal a ƙasa. Wato jita tana damanka, amfilifaya tana hagunka. Karanta IN da OUT da ke jikin akwatin duk da haka, musamman ga masu ramuka a goshi. Alamar an juya wayoyi: jita tana fita idan fedal yana kashe, da ka taka sai tsit. A fedalolin Boss kuwa tsit za ka ji ko ka taka ko ba ka taka ba, dalilin yana amsa ta 10.

3. Duk kawunan waya girmansu ɗaya, to me ya sa wani ke shiga wani ba ya zama?

Sandar da ke shiga ramin girmanta ɗaya ne, milimita 6.35, wato kwatan inci. Jikin da ke waje shi ke bambanta. Akwai miƙaƙƙe, wanda ke cin wuri sosai tsakanin fedal biyu. Akwai mai gwiwa. Akwai kuma falalen nan mai faɗi kamar kwabo, wanda ke barin fedaloli su matso juna.

Falalen yana da kyau ga fedal mai rami ɗaya a kowane gefe. Amma idan sabon fedal ɗinka na sitiriyo ne, mai ramuka biyu kusa da juna, faɗin kwabon zai rufe ramin maƙwabcinsa ko ya hau kansa, ɗayan ya kasa shiga har ƙarshe. Haka nan idan ramin a lotse yake cikin jikin akwatin, kai mai gwiwa mai kauri zai daki ƙarfe kafin ya kai. Kan waya da ya zauna daidai, za ka ji ɗan "ƙas" a hannunka lokacin da harshen ƙarfen ciki ya kama wuyansa. In ba ka ji ba, bai shiga ba, ko da ido ya nuna maka ya shiga.

4. Wani kan waya zobe ɗaya ne baƙi a jikinsa, wani biyu. Akwai bambanci?

Akwai, kuma yana rikita mutane ƙwarai. Mai zobe ɗaya ana kiransa TS, layi biyu gare shi: tsini da ke ɗauke da sauti, da jiki da ke zuwa ƙasa. Shi ne na jita. Mai zobe biyu TRS ne, layinsa uku, ana amfani da shi ga sitiriyo, da hedifon, da fedal ɗin juyawa da ƙafa na amsa ta 13.

Inda abin ke cizo shi ne batir. A yawancin fedaloli masu batir na bolt 9, ramin IN shi ne makunnin wuta. Jikin kan TS ne ke haɗa ƙarafa biyu a cikin ramin, batir ya fara aiki. Idan ka sa TRS, haɗuwar ba za ta yiwu ba, fitila ba za ta kama ba, ka ɗauka an sayar maka da matacce. Wannan dabarar ce kuma ta sa batir ke ƙarewa cikin dare idan ka bar waya a soke a IN, ko da fedal ɗin a kashe yake. Ka gama wasa, zare ta.

5. Ƙaramin ƙarfen nan mai kai biyu da ke haɗa fedal da fedal ba tare da waya ba, yana da kyau?

Ni ba na ba da shawararsa. Ba ya lanƙwasa, kuma da wuya ramukan fedal biyu su yi daidai da juna ko da na kamfani ɗaya ne, domin gefen akwatin yakan ɗan karkata. Duk takun da ka yi, nauyin ƙafarka yana sauka a kan ramin jak. A fedalolin da aka like raminsu kai tsaye a allon lantarkin ciki, dalmar ce ke tsagewa a hankali. Gajeriyar waya mai laushi ta fi shi nesa ba kusa ba.

6. Adaftar da nake da ita ta shiga ramin wutar sabon fedal daram. Ba shi ke nan ba?

A'a, kuma a nan ne fedaloli ke mutuwa. Wayar sauti in ba ta dace ba, iyakarta ta hana ka ji. Adafta in ba ta dace ba, tana iya ƙona abin da ka tara kuɗi wata da watanni ka saya. Abu huɗu za ka karanta a jikin adaftar, ka gwada da abin da aka rubuta a jikin fedal ko takardarsa. Na farko ƙarfin wuta: galibi bolt 9 ne, amma MXR Flanger bolt 18 take so, tsohuwar Deluxe Memory Man ta Electro-Harmonix kuma 24. Na biyu, DC ce ko AC: tsohuwar DL4 ta Line 6, koriyar nan, da Whammy ta huɗu ta DigiTech da adaftar AC suke aiki, kuma wannan adaftar guba ce ga fedal ɗin DC ko da an rubuta bolt 9 a jikinta. Na uku yawan wutar da take iya bayarwa, wato mA, wanda ke amsa ta 8.

Na huɗu shi ya fi cin mutane a garin nan: wane layi ne a tsakiya. Akwai ɗan zane a jikin kowace adafta, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, da alamar + da −. Fedalolin jita, bin tsarin Boss, negetif suke so a tsakiya. Kusan duk sauran kayan lantarkin gida akasin haka suke. Adaftar dikoda, da ta na'urar intanet, da ta fiyanon Yamaha irin PA-130 da PA-150, galibi bolt 12 ne kuma fositif a tsakiya, ga shi bakinsu yana shiga ramin fedal ba gardama. Tunda babu situdiyon da ba fiyano a ciki, adaftarsa kullum tana yashe a ƙasa kusa da kai. Na ga wani ƙanenmu a wani situdiyo wajen Ƙofar Ƙaura ya miƙa hannu ya ɗauki ta fiyano ya soka wa fedal ɗin dile, mai maimaita sauti, da ya karɓo ranar. Ƙauri muka fara ji kafin mu gane abin da ya faru. Wasu fedalolin suna da ɗan diyod na kariya da ke mutuwa a madadinsu, mai gyara ya sauya shi da kuɗi kaɗan. Wasu ba su da wannan gatan.

Abin da nake yi shi ne in naɗa jan salatif a wuyan duk adaftar da ba ta fedal ba, in kuma rubuta sunan fedal a jikin tasa. In zanen ya goge, mitar awon wuta za ta gaya maka: sa jan tsinke a cikin ramin bakin adaftar, baƙin a jikinsa na waje. Idan lambar ta fito da alamar − a gabanta, negetif ne a tsakiya, ta fedal ce.

7. Bolt ya yi daidai, tsakiya ta yi daidai, amma bakin adaftar ya ƙi shiga, ko yana shiga yana rawa.

Baki biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye. Dukansu kaurinsu na waje milimita 5.5 ne, amma ramin cikin ɗaya 2.1 ne, ɗayan 2.5. Boss da mafi yawan fedaloli 2.1 suke amfani da shi. HX Stomp ta Line 6 da H9 ta Eventide 2.5 ne, ita H9 ma fositif take so a tsakiya. Bakin 2.1 ba zai shiga ramin 2.5 ba, domin allurar ciki ta fi shi kauri, kada ka danna da ƙarfi. Bakin 2.5 kuwa zai shiga ramin 2.1 amma bai kama allurar ba, sai fedal ya riƙa mutuwa yana farfaɗowa duk lokacin da ka taka. Ana sayar da 'yar gajeriyar waya mai sauya wannan zuwa wancan.

Akwai kuma tsofaffin fedaloli, irin RAT ta da, da TS808 ta asali, da wasu na Electro-Harmonix, waɗanda ramin wutarsu irin na iyafis ne, milimita 3.5, tsininsa fositif. Su ma da tasu wayar sauyi.

8. Ina ciyar da fedal biyar da adafta ɗaya mai rassa. Da na ƙara sabo sai ƙugi da wani siririn fito suka taso.

Fara da lissafi. DS-1 ta Boss mA 4 kacal take ci, fedalolin obadirayib masu kaurara sauti da yawa ma ba su wuce haka da nisa ba. Amma na dijital maciya ne: DD-7 tana cin mA 55, GT-1 kusan 200, manyan Strymon kuma 300 suke nema. Tara abin da dukansu ke ci, ka tabbata adaftar ta fi jimillar da rata mai kyau. Adafta mai mA da yawa ba ta cutar da fedal, yana jan abin da yake buƙata ne kawai. Wadda ta gaza ce ke zafi, sauti ya shaƙe, na dijital ya riƙa kashe kansa.

In lissafi ya yi daidai amma fiton bai tafi ba, to daga raba layi ɗaya ne. Fedal ɗin dijital yana zubo hayaniyarsa cikin layin wutar, fedal ɗin distoshan, mai kaurara sauti, da ke kan layin ya ɗauka ya ƙara mata ƙarfi. Ba wa na dijital ɗin adaftarsa shi kaɗai ka ji ko ya yi shiru. Maganin dindindin shi ne akwatin wuta mai ramukan da aka raba da juna ta ciki, irin Pedal Power ta Voodoo Lab. Ka lura, akwatuna masu araha da yawa ramuka ne kawai birjik a waje, a ciki layi ɗaya ne. Sai kuma tsohon fedal ɗin faz mai taransistan jamaniyam, wanda fositif ne ƙasarsa: wannan ba ya shiga sarƙa da kowa, batir ko ramin kansa.

9. Na sayi fedal na hannu da adaftarsa daga waje. Zan iya soka ta a bango kai tsaye?

Karanta layin INPUT tukuna. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Idan an rubuta 100–240V, ba damuwa, bakin soket kawai za ka sauya. Idan 120V kaɗai aka rubuta, yawanci irin masu nauyin nan, tana shiga bango za ta ƙone, wataƙila ta tafi da fedal ɗin. Kayan da ke shigowa daga Maraɗi ta Jibiya, ko daga Damagaram ta Kwangwalam a wajen Daura, ƙarfin wutarsu ɗaya da namu, sai dai ƙafafunsu biyu ne zagayayyu irin na Faransa. Nemi mahaɗi mai kama su gam, kada ka tura su cikin soket mai ƙafa uku da tsinke.

A wajen biki kuma, inda janareta ke ɗauke da fitilu da fankoki da manyan lasifikoki, wuta tana hawa tana sauka. Sa allon fedal da amfilifaya a kan layi ɗaya, ta bayan sitabilaiza in da hali, kuma kada ka soka kayanka sai injin ya daidaita. Abu ɗaya da nake roƙon kowa: kada a karya ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya don a kashe ƙugi. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya. Ranar da wani abu ya lalace a ciki, hannunka na kan tsirkiya leɓenka na kan makirufo, ta jikinka wutar za ta bi.

10. Komai yana aiki, amma tunda na cire Boss ɗin muryar jitar ta dushe, ba ta da kaifi kamar da.

Kunnenka bai yi ƙarya ba. Sautin da ke fitowa daga fikof ɗin jita, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya, rarrauna ne, kuma kowace mita ta waya tana shanye wani abu daga siririn ɓangarensa. Wayar jita ta yau da kullum tana da kafasitans, wato abin da ke jawo wannan shanyewar, kusan pF 100 a mita ɗaya, kuma daga wajen mita 5 zuwa 6 ake fara jin asarar. Fedalolin Boss suna da bafa a ciki, wata 'yar da'ira da ke ƙarfafa sautin ko fedal na kashe, ta yadda wayar da ke bayansa ba ta cin komai. Sababbin fedaloli da yawa kuwa idan an kashe su suna haɗa IN da OUT kai tsaye ne. Ka cire mai bafa ɗaya tilo da kake da shi, sai wayar mita 5 ta gaba da ta mita 5 ta baya da duk gajerun tsakani suka zama doguwar waya guda a wuyan fikof.

Mayar da fedal ɗaya mai bafa farkon layi. TU-3, na'urar saita tsirkiya ta Boss, tana yin wannan aikin. In kana da faz irin na da, shi ya riga bafar, domin yana son jin jita kai tsaye.

11. Ƙaras-ƙaras nake ji idan na taɓa waya, musamman da hunturu.

Ƙura ce da tsatsa, ko goron ramin ya kwance. Ƙurar hunturun Katsina ba ramin da ba ta shiga. Zare wuta, ka ɗiga sifirit ko maganin wanke mahaɗin lantarki a kan kan waya, ka soka ka zare sau goma, ka goge, ka maimaita. Kada ka sa man inji ko man keke, ƙura suke tarawa. In goron ya kwance, buɗe bayan fedal ka riƙe ramin ta ciki kafin ka ɗaure, in ba haka ba zai juya ya tsinke wayoyinsa.

Zafin bazara kuma yana narkar da gam ɗin Velcro da ke riƙe fedal a allo, musamman in an bar kaya a but ɗin mota. Fedal ya zame, wayar ce ke ɗaukar nauyinsa. Rufe allon da zane ko jaka in ba a aiki.

12. Wayoyi takwas ne a allona. Ta yaya zan gane mai laifin?

Soka jita kai tsaye cikin amfilifaya da doguwar waya ɗaya, sannan ka gwada ɗayar. In duka biyun lafiya, sa fedal ɗaya tsakaninsu, ka ƙara na biyu da gajeriyar wayarsa, haka har ƙarar ta dawo. A kowane mataki girgiza wayar a gindin kanta, nan ne take yawan karyewa. Da mitar awon wuta kuma, a saitin da take yin ƙara idan layi ya haɗu: tsini da tsini su yi ƙara, jiki da jiki su yi ƙara, tsini da jiki su yi shiru. In tsini da jiki suka yi ƙara, silin waya ɗaya ya taɓa inda bai kamata ba. Wayoyin da ake haɗawa da sukurori ba dalma sun fi yawan wannan, ko da yake suna da daɗin yankawa daidai tsawon da amsa ta 1 ta nuna. Wadda ka kama da laifi, ƙulla ta ka ware, kada ta koma cikin jaka.

13. Fedal ɗin juyawa da ƙafa na fiyano zai yi aiki a ramin EXP, wato ramin da aka tanada wa irinsa a jikin fedal ɗin jita?

Wani lokaci. Yawanci wayar TRS yake so, amma tsarin Roland da Boss daban yake da na Yamaha: layin da wancan ya sa a tsini, wannan a zobe ya sa shi. Alamar rashin dacewa ita ce sauti ya yi tsalle daga ƙasa zuwa sama ba tsaka-tsaki, ko ya motsa a rabin taku kawai. Ba ya ƙona komai. EX-P na M-Audio yana da ɗan makunni a ƙasansa mai sauya tsarin, in kuma naka ba shi da shi, mai gyara zai iya musanya layukan biyu a kan wayar.

14. A ina zan sami wayoyin kirki, kuma zan iya sa a haɗa mini?

Dogayen wayoyi ana samu a shagunan kayan sauti a cikin gari. Gajeru masu gwiwa da wayoyin sauyin baki kuwa sau da yawa sai an aika Sabon Gari a Kano, ko Alaba a Legas. Shi ya sa haɗawa ta fi sauƙi: sayi kawuna masu kyau, irin Neutrik ko Switchcraft in ka samu na gaske, da waya mita biyu, ka kai wa mai gyaran rediyo da awonka a rubuce.

Ka tsaya a kansa ka ga wayar da zai yanka. Wayar jita sili ɗaya ce a tsakiya, da ragar tagulla kewaye da ita mai tare hayaniya. Wayar lasifika sili biyu ne a jere ba raga, kuma sau da yawa kai iri ɗaya ake sa musu, ido ba ya rabewa sai an kwance. Ta lasifika a allon fedal ƙugi za ta cika maka kunne da shi. Ta jita a tsakanin kan amfilifaya da akwatin lasifika kuma siririya ce, tana zafi, tana iya lalata amfilifayar. Ka ce masa kuma ya kankare baƙar fatar nan mai laushi da ke manne da farar robar silin tsakiya, domin tana ɗaukar wuta, in ta taɓa tsini sauti zai ragu ba a san dalili ba.

15. A wurin taro ba amfilifaya, mai sauti ya ce in ba shi waya zuwa miksa. Wace waya?

Kada a ja wayar jita mita 20 zuwa teburinsa, za ta kwashe ƙugin duk wayoyin wutar da ta gifta. Fito da gajeriyar TS daga fedal na ƙarshe zuwa akwatin DI, mai daidaita sautin jita da miksa, a kusa da ƙafarka, daga nan wayar makirufo mai allura uku, XLR, ta ɗauka zuwa miksa komai nisa. Akwatin yana kuma tsaya wa fedal ɗinka daga wutar bolt 48 da miksa ke turo wa wasu makirufo, wadda wayar da aka yi wa jak a gefe ɗaya da XLR a ɗayan ba za ta tare ba. In ƙugi ya taso bayan an haɗa, akwai makunni a jikin DI da aka rubuta GROUND LIFT, danna shi. Wannan layin sauti kaɗai yake rabawa, bai taɓa ƙafar ƙasa ta fulogin da aka yi magana a kanta a amsa ta 9 ba.